Shekarar da Na Tuɓe Awarwarona

Da sunan Allah, wanda ya ara mini babanku shekara arba'in da biyar, ya kuma karɓi abinsa ranar da ya so. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi sallah. 'Yar'uwarku Rabi ce ke riƙe da biro, ni ina magana. Na gaya mata ko ta ga hawaye kada ta ajiye biron, don kukan daban, hankalina daban. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, har yanzu in zan kwashe tuwo sai in ga na ɗauko kwano biyu.

Abin da ya sa na zaunar da ita shi ne gardamar da na ji kuna yi a tsakar gida ranar addu'ar bakwai, ina ɗaki cikin takaba. Kai Abba kana cewa babanku ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin ƙarfe ba ido, shi kaɗai, baiwa ce Allah ya yi masa, kamar yadda mutanen gari ke faɗa. Kai kuma Auta ka ce a bar wannan zance, da idonka ka sha ganin Iya a gaban inji, Baba zama kawai yake yi a benci. Na so in ɗaga murya, sai na tuna ba ranar ba ce. To yau ce ranar. Kowannenku rabin gaskiya ya riƙe, kuma ba laifinku ba ne. Shekarar da abin ya faru Abba yana Kano wajen aiki, Rabi tana ɗakinta a Roni, Auta ko makaranta ba a sa shi ba. Ni ce nake ciki.

Kun san shagon, bangonsa ɗaya da ɗakin girkina, ƙofarsa tana kallon titi, dutse yana bayanmu. A ciki injin tana yake, dogon baƙin injin nan da ke kama ƙarfe da haƙoransa ya yi ta juya shi, a kawo wuƙa jikinsa tana fiƙewa har ya zama abin da ake so. Daga Babura, daga Gwiwa, daga ƙauyukan bakin dam, duk wanda wani abu ya karye masa a injin niƙa ko na ban ruwa nan yake kawowa. Masu wannan sana'a ba babanku kaɗai ba ne a Kazaure. Abin da ya raba shi da sauran zane ne. Duk inda hannu zai kama ko ƙafa za ta taka, kamar mariƙin da mai markaɗe ke murzawa da jiƙaƙƙen hannu, sai ya bi shi da wani zane gida-gida, ƙanana masu ɗan tsini, don kada ya yi santsi. Da wasu 'yan tayoyin ƙarfe biyu masu haƙora ake yin sa, shi yana kiransu tagwaye. Ba yanka suke yi ba, danna su ake yi a jikin ƙarfen yana juyawa, su bar sawunsu. Nasa zanen in ka juya shi a rana, kowane gida daidai da ɗan'uwansa, ba ka gane inda ya faro. Mutum zai ɗauki mariƙi a kasuwar Babura ya ce wannan hannun Mai Tana ne na Kazaure. Ba shi da babbar gona, ba shi da rawani. Wannan ne abinsa a duniya.

Idon a hankali ya tafi, kamar ruwa a randa mai tsaga. Na riga shi faɗa a zuciyata. Wata rana da hantsi ya shigo gida, ya tsaya gaban turmin da na kife na yafa wa tsumma, ya ɗan rusuna.

"Ina kwana, Inna Delu? Yaya ƙafar?"

Inna Delu tsohuwar maƙwabciyarmu ce mai yawan shigowa. Na yi dariya har na zauna, na ce, "Malam, ta amsa, amma ta ce a bar ta ta huta, ta sha daka da safe."

Shi ma ya yi dariya, sai dai ba ta kai ciki ba. Bayan 'yan kwanaki wani mai injin niƙa daga Gwiwa ya dawo da mariƙi, na jiyo shi ta bango yana cewa, "Malam, wannan kam ba hannunka ba ne." Da mutumin ya tafi ya shigo ya miƙo mini. Zane ya hau kan zane, ya dagule kamar inda kaji suka yi tono. Aka kai shi asibitin ido a Kano, likita ya ce ba yana ba ce balle a kankare, jijiyar ce, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana hanya.

Yayansa, Baffanku Haruna, Allah ya jiƙansa, ba mugu ba ne, kada wani ya ji wannan ya riƙe shi. Shi ne babba a gidansu, in ya yi magana ta zauna. Ya zo zaure, ya sa aka kira ni na tsaya bayan ƙofa don ni ma in ji.

"In an kawar da amfanin gona zan zo da mota a ɗauke injin nan a kai wa ɗana a Kano. Kai ka zauna gida. Hatsi ba zai yanke muku ba muddin ina numfashi. Ba zan zuba ido inji ya cinye maka hannu ba, a ce ina gari."

"To, Yaya," in ji babanku.

Kwana uku bai buɗe shago ba. Yana zaune a tabarma a gindin bango, hannuwansa a buɗe a kan gwiwa kamar kayan da aka ba shi ajiya. Ni ba yunwa nake tsoro ba, na san Baffanku mai cika alkawari ne. Abin da na hango shi ne mutumin nan zai mutu da sauran numfashinsa. Rana ta huɗu na ajiye masa koko na zauna.

"Malam, idona lafiya lau. Kai kuma kan yana nan, hannun yana nan. Me zai hana?"

"Me zai hana me?"

"Ka koya mini."

"Asabe! Ke da ko babur ya yi tari sai kin ce a'uzubillahi?"

"Turmi ma da na fara daka tsoronsa nake ji. Yanzu ga shi har gaishe shi ake yi."

Sai ya ce, "Bakin nan naki dai sai Allah." Washegari ya kira magini ya fasa ƙofa tsakanin ɗakin girki da shago, ya ce masa iska yake so. Masu kawo aiki kuma ya ce musu idon ba ya son haske, da safe zai karɓi aiki a zaure, in an kawo wuta ya rufe ƙofar titi ya yi.

Ranar da na fara shiga, ban kai ga injin ba ya ɗaga hannu.

"Na ji awarwaro."

Na azurfa ne guda huɗu, na mahaifiyata, da su aka kawo ni daga Gwiwa, ko a haihuwa ban taɓa cire su ba. Ya ce injin nan bai san mace ba bai san namiji ba, abin da ya kama, zobe ne, gyale ne, bakin zani ne, sai ya naɗe har da mai shi. Na sa sabulu na zare su, wurin ya yi fari kamar ba fatata ba, na ƙulle su a tsumma na tura ƙasan adaka. Na ɗaure kaina tam na cusa bakin ɗankwalin, na sa tsohuwar rigarsa mai gajeren hannu. Sai da ya laluba ya tabbatar ba abin da ke reto a jikina sannan ya ce, "Bismillah."

Fiƙe ƙarfe bai ba ni wuya yadda na zata ba. Yana zaune a benci ta hannun damana, kunnensa a kan injin. Kafin in ga komai zai ce, "Kin ci da yawa, ja baya," ko ya ce, "Wuƙar ta dakushe." Za a kawo abu karyayye ya laluba shi, in fiƙe sabo, in kashe inji ya gwada su biyun da yatsa har su zo ɗaya. Wata biyu na iya wannan. Amma zane ya ƙi. Duk abin da ya sani ya gaya mini. A rage gudun inji ya koma tafiyar tsohuwa. Tagwaye su tsaya daidai tsakiyar ƙarfen, kada ɗaya ya riga ɗan'uwansa taɓawa. A danna da ƙarfi tun farko, don mai tsoro da ke shafawa a hankali shi ke ɓata zane. A yi ta zuba mai, a share dusar ƙarfen da buroshi, kada a kuskura a kai yatsa. Duk na yi. Wani ya fito tsaf, na bayansa ya fito a dagule, ban san abin da na sauya ba. Har na cika tsohuwar fanteka da ɓatattu.

"Kaurin ƙarfen ne," ya ce. "Ɗauko ma'auni ki gaya mini lambar da ya nuna."

Na ɗauko, na ga 'yan layuka da baƙaƙen boko kamar tururuwa. Na ce, "Akwai wata mai kama da ƙugiya, da wata mai ciki biyu."

"Ƙugiyar ina take kallo?"

"Ni take kallo."

Ya dafe kai. Mai karatun ba ido, mai idon ba karatu. Za ku ce me ya hana a kira wani ya karanta mana. Wanda ya karanta ya gani, wanda ya gani kuwa zai faɗa, ya kai kunnen Baffanku kafin mu iya. Ranar ce kaɗai a zamanmu ya ɗaga mini murya. Ya ce in kashe, Yaya ya zo ya ɗauki kayan, shi ya gaji da wahalar da 'yar mutane. Na fita.

Da la'asar na ɗauko hular da nake ɗinki, don ni in raina ya ɓaci allura nake nema. Tun ina budurwa nake ɗinkin hula. Na zagayo da zane na kusa inda na faro, sai hannuna ya yi abin da ya saba, na ɗora zare na auna ko gidajen da suka rage za su shige cif. Duk mai ɗinkin hula ta san zanen da ke zagaye dole ƙarshensa ya faɗa bakin farkonsa. In ya rage rabin gida, ƙeyar hular ta lalace. Sai allurar ta tsaya a hannuna. Ashe tagwayen nan ma zagaye suke yi. In suka zagayo haƙoransu ba su faɗa cikin sawunsu na farko ba, sai su buɗe sabo a gefe, shi ne zane ke hawa zane.

Na tashi na shafa baƙin tukunya a haƙoran ɗaya daga cikinsu, na gangara shi a bayan tsohuwar kalanda, sai ga layuka a jere. Na naɗa zaren hula sau ɗaya a jikin wani ɓatacce, daga gefen da zane bai kai ba, na datse daidai inda ya haɗu, na miƙe shi a kan layukan. Ƙarshensa ya faɗa tsakanin layi biyu. Na ɗauko wanda ya yi kyau na yi masa haka, zaren ya tsaya kan layi cif. Na gwada biyar, ba wanda ya saɓa.

"Malam, tashi."

"An kawo wuta ne?"

"Ba wuta ba ce, zare ne."

Na sa masa a hannu na yi masa bayani. Ya daɗe yana murza zaren. Ya ce shi shekara talatin in zane ya ƙi, ɗan ƙara fiƙe ƙarfen yake yi ya sake gwadawa, ya duba da ido, har ya faɗa. Lambobin da ya haddace ma da haka ya same su, bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Washegari da aka kawo wuta muka fiƙe kaɗan, na auna, muka ƙara, na auna, zare ya hau layi. Na yi bismillah na danna tagwaye da duk ƙarfina. Mai ya rufe wurin ban ga komai ba, sai na ji muryarsa.

"Ya faɗa! Ji yadda kukan ya daidaita. Tafi da shi, kada ki tsaya, kada ki saki. Yawwa. Isa haka."

Da na kashe na miƙa masa, ya bi shi da babban yatsa gida-gida, ya zagaya sau uku. Bai ce na iya ba, cewa ya yi, "Ɗora wani."

Damina ta yi nisa wani ɗan acaɓa na Roni, Ɗanliti, ya zo. Matakin babur ɗinsa ya goge ya yi sumul, ya ɗauko wata tsohuwa cikin ruwa ƙafarta ta zame, Allah dai ya kiyaye. Muka yi masa biyu masu zane. Ba a daɗe ba abokan sana'arsa suka yi ta aikowa. Wasu goma sha biyu muke yi musu ranar da Baffanku ya zo da mota, an riga an ɗaure gero. Ya buga ƙofar titi inji yana kuka. Na kashe na faɗa ɗakin girki, babanku ya laluba ya buɗe. Ta bayan ƙofa nake ji. Baffanku ya ɗauki mataki ɗaya da sauran ɗuminsa, ya juya shi.

"Wa ke maka wannan aikin?"

Da babanku ya so ya ce shi ne, da ba mai ƙaryata shi. Ina so ku riƙe wannan. Sai ya ɗaga murya.

"Asabe, fito."

Na yafa mayafi a kan rigar na fito na durƙusa na gaishe shi, hannuwana baƙi ƙirin. Baffanku ya kawar da kai.

"Innalillahi. Matar aure a gaban inji? Ashe kai hoto ne, ita ke yi."

Tun da aka kawo ni gidan nan magana ba ta taɓa haɗa ni da shi ba bayan gaisuwa. Amma kalmar hoton nan ta ƙona mini rai. Na ce, "Yaya, a yi mini afuwa." Na zuba matakan da muka gama a faranti, na haɗa da wani da babanku ya ƙi da safen nan, na cuɗa su. Na ce, "A cikin nan akwai ɗaya da bai yi ba. Ni mai ido ban gane shi ba sai da aka gaya mini. Yaya ya duba."

Ya kai farantin bakin ƙofa wajen haske, ya sa tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi wani. Na ce ba shi ba ne. Aka ajiye farantin a cinyar babanku, ya fara shafawa yana ajiyewa gefe, a na bakwai ya tsaya.

"Ga shi. An daɗe ana dannawa, tsinin ya murƙushe ta gefe ɗaya. Sa farce ka ji, Yaya."

Baffanku ya sa farce, sai ga ɓurɓushin ƙarfe yana zuba.

"Idon nata ne, da zaren," in ji babanku. "Kunnen nawa ne, da yatsan. In ka ɗauke injin nan, mutum biyu ka zaunar."

Baffanku ya cire tabarau. Ya fita ya ce wa direba ya wuce gona ya kwaso damman gero, kada motar ta koma haka. Ya dawo bai dube ni ba.

"Injin ya zauna. Amma ni ban ga komai ba, kuma kada in ji a bakin kowa. Ba a taɓa yi a gidanmu ba."

To kun ji inda shirun ya samo asali. Mun samu injin, mun biya da baki. Baffanku bai ƙara cin tuwona ba har ya koma ga Allah, amma bai tona mu ba, kuma duk kaka sai ya aiko da hatsin da ya yi alkawari ko da ba ma buƙata. Lalle ya daina kama hannuna. In na je biki mata su dubi wuyan hannuna su dubi juna, har aka ce Malam ne ya sayar da awarwaron ya yi maganin ido. Na bar su suna faɗa. Wannan bai dame ni ba kamar yadda yabon mutane ya dame shi. Bai taɓa buɗe baki ya ce shi kaɗai ke yi ba, in an ce baiwa ce sai ya ce alhamdulillahi. Amma in ya shigo sai ya zauna jugum.

"Yau ma na ci yabon da rabinsa naki ne. Me zan ce wa Allah?"

"Ka ce Yaya ne ya hana. Kawo hannu ga ruwa, tuwo zai huce."

Bayan rasuwar Baffanku na ce ko yanzu a faɗa. Ya ce alkawari ba ya bin mai shi kabari, mu da muka ɗauka muna nan. Sai da ciwonsa na ƙarshe ya yi nauyi, wata safiya ina ba shi kunu, ya riƙe wuyan hannuna daidai inda awarwaron suke a da.

"In na tafi, gidan ya zama na yaran. Ki gaya musu yadda aka yi. Kada ki rage naki, kada ki ƙara nawa."

Da na fita takaba na shiga shagon. Akwai guntun rodi da muka bari a bakin injin. Aka kawo wuta, na auna da zare, na danna, zane ya faɗa. Na kashe na zaro shi, na miƙa hannu dama kamar kullum. Hannun ya tsaya a iska. Rabi, rubuta, na ce kada ki ajiye. Na zauna a bencin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Da na gama na rufe ido na bi ƙarfen da nawa yatsan. Sai ga shi, ta gefe ɗaya tsinin ya murƙushe. Ba wanda ya ce mini isa haka.

Wannan ƙarfen yana kan adakata, Auta, naka ne. Aikina ke nan ba shi. Abba, kai kuma na ajiye maka mariƙin da mai niƙan Gwiwa ya dawo da shi, aikinsa ke nan ba ni. Kowa ya riƙe nasa ya shafa in gardamar ta taso masa. Na farkon da muka yi tare, wanda ya zagaya sau uku da yatsa, yana wurina, ba na bayarwa.

Tun daga ranar nake koyon ji, ina rage kallo ina ƙara saurare. Makon jiya na tsaya a daidai wurin da zai ce in tsaya, na shafa ban sami aibu ba. Awarwaron Rabi ta ɗauka ta sa, ni ba zan mayar da su ba. Ɗanliti ya aiko da mataki huɗu, gobe in an kawo wuta zan yi su, kuma ƙofar titi a buɗe zan bar ta. Allah ya haskaka kabarin Malam, ya mayar masa da idonsa a can.